Tiyatar rage ƙiba: kafin ka sayar da gona

Mai karatu, a wajenmu ƙiba alamar hutu ce. Amarya ta yi jiki sai a yaba wa miji. Amma a Adogi na san matan da sujada ta gagare su, gwiwa ta ƙi, ga ciwon suga da hawan jini, da dare minshari har numfashi ya ɗauke. Irinsu ne ke tare ni da tambayar tiyatar da suka ji ana yi a Abuja da Legas, ko Masar da Turkiyya.

Aikin gaskiya ne. A wanda aka fi yi, ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, a bar siriri kamar ayaba. A ɗayan kuma a karkatar da hanyar abinci ta tsallake wani sashen hanji. Yunwa na raguwa, mutum kan zubar da wajen kashi 25 zuwa 30 na nauyinsa, suga na sauka, wasu har su ajiye insulin. Tun 2022 ƙungiyoyin likitocin fannin suka ce mai ma'aunin BMI 35 ya cancanta, ko 30 idan akwai ciwon suga. Ba don anko ake yi ba.

Damuwata a matsayina na mai harhaɗa magani ita ce bayan an sallame ki. Jiki ba zai ƙara tsotsar sinadarai kamar da ba, don haka bitamin B12 da D da kalsiyam da maganin ƙarin jini sun zama na har abada, tare da gwajin jini a kai a kai. Wanda ya daina, ƙarancin jini da mutuwar jijiyoyin ƙafa na jiransa. Diclofenac da ibuprofen, da muke saya a kemis kamar gyaɗa, suna iya haddasa gyambon ciki. Magungunan suga da na hawan jini sai likita ya sake auna su, in ba haka ba a yanke jiki a faɗi. Juna biyu sai bayan wata 12 zuwa 18, kuma idan an karkatar da hanji, ƙwayar tazarar haihuwa ba abin dogaro ba ce.

Malmalar sakwara kuwa, ban kwana. Loma kaɗan, a tauna sosai. Azumi ma sai da shawarar likita.

Don haka maigida, kafin ka sa gona a kasuwa, tambayi wa zai riƙa duba ta a Lafiya idan ta dawo, ka kuma lissafa kuɗin maganin kowane wata.