Kashi 53 da na tsallake

Ana saura 'yan kwanaki a yi zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, gidauniyar ANAP ta fitar da sakamakon ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a da kamfanin NOI Polls ya yi mata ta waya: Peter Obi kashi 21 cikin ɗari, Bola Tinubu 13, Atiku Abubakar 10, Rabi'u Kwankwaso 3. Ina gama karantawa na shiga shelanta wa duk mai saurarona a unguwar Kakuri ta Kaduna cewa magana ta ƙare, Obi ya lashe. Ko "in Allah ya so" ban saka ba.

Idona ne ya fara yaudarata. Tun rikicin shekarar 2000 kogin Kaduna ya zama iyaka, yawancin Kiristoci suka tattaru a wannan tsallaken namu na kudu. Daga Barnawa zuwa Narayi har Sabon Tasha, fastocin jam'iyyar Labour ta Obi ne a kowane bango, ga kuma haushin tikitin Musulmi da Musulmi na APC, jam'iyyar Tinubu, a bakin maƙwabtana. Unguwannin nan ba su yi mini ƙarya ba, don Labour ce ta ci kujerar majalisar wakilai ta Chikun da Kajuru. Ni ne na ɗauki Sabon Tasha a matsayin Najeriya, alhali ko jihar Kaduna ba ta wakilta ba.

Kawuna, tsohon ma'aikacin masaƙa, ya ja mini kunne. Ya ce, "Ɗana, su masu buga wayar nan, sun taɓa kiran gwaggonka a ƙauye?" Na ce, "Kawu, ai wannan ilimin lissafi ne." Bai ƙara cewa uffan ba.

Da INEC ta bayyana sakamako, Tinubu ya sami ƙuri'u 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533. A jihar Kaduna ma Atiku ne ya zo na ɗaya, Obi na uku.

Da na koma kan rahoton, sai kunya ta kama ni, don abin da na tsallake yana nan a rubuce ƙarara: kashi 23 sun ce ba su tsayar da shawara ba, kashi 30 kuma sun ƙi faɗin wanda za su zaɓa. Fiye da rabin waɗanda aka tambaya ke nan. Tazarar kashi 8 da na gina yaƙinina a kanta ba ta kai ko'ina ba a gaban wannan shirun. Kuma ni, ɗan garin da ya ga rikicin 2000 da na 2011, ya kamata in fi kowa sanin dalilin da zai sa mutum ya ƙi buɗe cikinsa ga baƙuwar lamba. Mai zumuɗi kan amsa da ƙarfi. Mai taka-tsantsan kan ce "sai ranar," ya kashe waya.

Har yanzu wasu maƙwabtana na cewa maguɗi ne ya ƙaryata hasashen. Obi da Atiku sun kai ƙara, Kotun Ƙoli ta tabbatar da Tinubu a ranar 26 ga Oktoban 2023, kowa kuma na da ra'ayinsa a kan hukuncin. Na so in fake a nan, amma nawa kuskuren ya riga ƙirga ƙuri'a.

Akwai ma hasashen kamfanin Stears, wanda ya ce idan jama'a suka fito da yawa Obi zai ci, idan fitowar ta yi ƙaranci Tinubu ne. Na gan shi, na wuce, don bai yi mini daɗi ba. A lokacin kuwa canjin takardun naira ya sa muna wuni a layin banki, ga wahalar man fetur, masu rajista a garuruwansu na asali ba su da kuɗin mota. Cikin mutum miliyan 93 da ke da rajista, kusan kashi 27 ne kacal suka kaɗa ƙuri'a.