Kaye da bik muna da su, saura jagora da Hausa

 Yau maganar tsara lokaci za mu yi, da ƴan kayan da muke fatan samu don aikin ya yi sauƙi.

Mu ma'aikatan rediyo akwai takardar da ba mu shiga situdiyo sai da ita. Da Faransanci ana ce mata kondiktar: gaisuwa minti 2, labarai minti 10, sanarwa minti 5, haka har shiri ya ƙare. Daga nan muka ɗauko dabarar muka kai ta gida. Kowane dare bayan lisha mukan buɗe kaye mu rubuta ayyuka uku na gobe, uku kawai, mu ɗaura kowanne ga wata salla. Wanga bayan asuba, wanga kafin azahar, wancan tsakanin la'asar da magariba. Wanda aka yi a ja masa layi, wanda bai samu ba a sake rubuta shi a shafin gobe. In aiki ya kwana uku yana bin mu shafi zuwa shafi, to sai mu tambayi kanmu: aikin ne ya yi nauyi, ko dama ba namu ba ne?

Da muka bincika sai muka tarar a waje an daɗe ana rubutu kan irin wannan. Wani Ba'amurke, David Allen, ya fitar da littafinsa Getting Things Done a 2001, Ryder Carroll kuma ya fitar da na tsarin Bullet Journal a 2018. Akwai ɗan Italiya Francesco Cirillo mai tsarin aikin minti 25 sannan a huta minti 5. Akwai abin ɗauka ciki. Amma an rubuta su ne don mai buro da agogon bango da hutun Asabar da Lahadi. Masuncin da ke shiga tafki tun duku-duku, ko mai lambun zogale a Jiratawa da ke jiran ranar ban ruwa, ina ruwansa da ƙarfe 9 na safe?

Abu na farko da muke so shi ne ƙaramin littafin jagora da Hausa, shafi 20 ya isa, a buga shi da boko da ajami gefe da gefe, don malamin zaure da almajirinsa su ma su amfana. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Idan haka ne, ya kamata harshen ya shiga har cikin kayan aikin yau da gobe. Mu da muka yi lakwal da Faransanci muna iya lallaɓawa da littattafan waje, amma yawancin masu saurarenmu fa?

Na biyu, ajanda irin tamu. Waɗanda muke samu a kantunan Maraɗi ranakunsu da watanninsu duk da Faransanci ne, na Najeriya kuma da Ingilishi. Muna son wadda za ta kawo Litinin zuwa Lahadi da sunansu, ta jera watan Bature da watan Musulunci a shafi guda. Shekarar Hijira ta gaza ta Bature da kwana 11 ko kusa da haka, shi ya sa azumi da layya ke matsowa kowace shekara. Magidanci na bukatar ya hango tun da wuri ko ragon layya zai haɗu da kuɗin taki, ko da kayan komawar yara lakwal a Oktoba. A sa mata ranakun kasuwannin Maraɗi, Ɗan Isa, Gabi da Jibiya, a bar fili na ranar shuka, noman farko, maimai da girbi.

Na uku, shafin bashi da na asusu, mai gida biyu: na sefa da na naira, tunda mu mutanen bakin iyaka da kuɗi biyu muke ciniki. Kun san zumunci nawa ya lalace a kan "na ba ka" da "ba ka ba ni ba". Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Kenan abin ba na Nasara ba ne.

Na huɗu, jagorar murya ga iyayenmu mata da duk wanda bai yi karatu ba. Saƙon WhatsApp na minti 3 ya isa a bayyana yadda ake amfani da alamomi: a zana allura ranar rigakafin yaro, kwarya ranar zubin asusu, buhu ranar kasuwa. Wannan kam namu ne mu ƴan rediyo, kuma mun ɗauki nauyinsa.

Wani zai ce ai waya na yin duk wannan. Gaskiya ne, in akwai caji da kuɗin intanet. Kaye kuwa ba ya jiran wuta, kuma shi da bik ɗinsa ba su kai jikka guda ba. Abin da yake tsoro ruwan damina ne da gara, don haka a samo masa bango mai ƙwari ko ƴar leda.

Kiranmu ga masu ɗab'i na Maraɗi da Katsina, da malaman yaƙi da jahilci, da ƙungiyoyin manoma da na mata: ga aiki nan, masu saye suna nan. Kafin a buga, mu ci gaba da jan layi da hannu, tunda da sanyin safiya ake kama fara. Daren yau bayan lisha kowa ya gwada rubuta ukunsa, mako mai zuwa ku faɗa mana cikin shiri yadda ta kaya. Allah ya sa albarka cikin lokacinmu.