Ƙiba: Ci Ne Ko Gado?

'Yan'uwana ɗalibai da malamai, duk wanda ya tashi a ƙasar Karaye ko Rogo ya san yadda mutanenmu suka ɗauki ƙiba. Idan mutum ya ajiye tumbi sai a ce ya samu. Idan amarya ta yi wata uku a ɗakin miji ba ta murje ba, sai dangi su fara tambaya ko lafiya. Da 'yan boko suka zo kuma sai suka juya zancen, suka ce mai ƙiba rago ne, ba shi da aiki sai ci. Ni kuwa ina ganin duka ɓangarorin biyu suna bukatar su ji labarin wani likita Ba'amurke, Albert Stunkard, wanda ya rayu daga 1922 zuwa 2014.

Shi dai wannan bawan Allah likitan ƙwaƙwalwa ne a Jami'ar Pennsylvania, amma ƙiba ya ƙare rayuwarsa yana bincike a kai. A 1955 shi da abokan aikinsa suka bayyana wata lalura ta mutanen da ba sa son abinci da safe, sai dare ya yi su yi ta ci, barci kuma ya gagare su. A 1959 ya bi diddigin mutum 100 da suka je asibiti neman rage ƙiba. Mutum 12 kaɗai suka zubar da kimanin kilo 9, bayan shekara biyu kuwa biyu rak suka rage ba su mai da abinsu ba. Wannan ya sa ya tambayi kansa: shin duk sauran ragwaye ne, ko kuwa jiki ne yake da nasa hukunci?

Amsar ta fito a 1986, lokacin da ya binciki mutum 540 a ƙasar Denmark waɗanda aka ba da su riƙo tun suna ƙanana. Ya tarar jikinsu ya bi na iyayen da suka haife su, bai bi na waɗanda suka ciyar da su ba. A 1990 ya sake gwadawa da tagwayen ƙasar Sweden da aka raba su tun yarinta, ya ga gado ne yake da kaso mafi tsoka, wajen 70 cikin 100. Shekara huɗu bayan haka Jeffrey Friedman ya gano leptin, wani sinadari da kitse ke aika wa ƙwaƙwalwa don ya shaida mata yawan ajiyar da ke jiki. Wato yunwa da ƙoshi ba a ciki kaɗai suke ba, akalarsu tana ka.

Wannan bincike na riƙo ya taɓa ni, domin a gidanmu an yi. Ƙanwata tun daga yaye aka ba da ita ga wata aminiyar mahaifiyarmu da ke aure a Rogo. Kwano ɗaya ta ci da 'ya'yan gidan, amma su duk sirara, ita kuwa ta fito da jikin babanmu sak. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ta sha gori, ta sha horon yunwa, yau ga shi tana fama da ciwon suga, har yanzu kuma wasu na cewa ita ta ja wa kanta. A gefe guda kuma 'yan mata sirara suna sayen ƙwayoyin nan da ake kira "sha ka fashe" don su yi jiki kafin biki. Daga cikinsu akwai deksametason, wanda ke kumbura fuska, ya hau da jini da suga, ya raunana ƙashi. Kowacce tana faɗa da halittarta saboda bakin mutane.

Kada a ce Stunkard ya ce a naɗe hannu. A 1989 shi da Jeffery Sobal sun nuna cewa a ƙasashe masu arziki ƙiba ta fi yawa ga matan talakawa, a ƙasashe irin namu kuwa ga masu hali. Ashe gado iri ne, abinci da zama su ne damina. Kakanninmu da ke tafiya kasuwa a ƙafa, su yi noma, su yi daka, irin bai sami ruwan tsira ba. Mu da muka koma babur da lemon kwalba, mun ba shi taki.

Rokona ga 'yan'uwa masu karatun likita da na halayyar jama'a shi ne, riƙo al'adarmu ce, ga 'ya'yan riƙo nan birjik daga Karaye har Rogo. Sai dai namu galibi a cikin dangi ake yi, don haka mai bincike sai ya ware gidan goggo da kawu daga gidan bare. Wanda ya yi wannan aiki zai gaya mana abin da Denmark ba za ta iya gaya mana ba. Kafin nan, mu daina yi wa mai ƙiba gori, mu kuma daina tura siririya kantin magani. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.