Umarnin Da Ba Ya Yin Komai

A cikin umarnonin da ATmega328P, ƙwaƙwalwar allon Arduino Uno, ke ganewa, akwai ɗaya da yake yawan dawo mini a rai, ana kiransa NOP. Aikinsa kawai ya dakata, kada ya taɓa komai, na tsawon bugu ɗaya na agogon allon. Agogon nan yana bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa, kowane bugu nanosakan 62.5, lokacin da haske kansa bai kai ga cin mita 19 ba. Masu haɗa fitilun WS2812 kuwa sun san darajar NOP, domin fitilar tana bambance sifili da ɗaya ne ta tsawon jimawar wuta a waya. Sai ka ga mutum ya duƙufa da takarda yana ƙirga bugu, ya sa NOP biyu nan, ɗaya can, har launukan su daina rikicewa. Haƙurin nan yana taɓa ni ƙwarai. Lokaci ne da idonsa ba zai taɓa gani ba, jikinsa ba zai ji wucewarsa ba, amma yana lallaɓa shi kamar mai auna zinariya. Nakan tambayi kaina yawan abin da ke gudana a daƙiƙar da nake ɗauka fanko ce, ina zaune ina jiran shayi ya huce.