Rage Bashin Gida Kafin Wa'adi: Birtaniya da Takwarorinta

A Birtaniya bashin sayen gida kan ɗauki shekara 25 ko fiye, amma ba a cika tsayar da kuɗin ruwansa na tsawon wannan lokaci ba, domin banki yakan ƙayyade shi ne na shekara 2 ko 5, sannan a sake sabuwar yarjejeniya. A cikin wa'adin, yawancin bankuna suna barin mai gida ya ƙara biyan kashi 10 cikin 100 na uwar kuɗin da ta rage a kowace shekara, abin da ya haura haka kuwa sai an biya masa tara, wadda galibi takan kama daga kashi 1 zuwa 5 cikin 100. Wanda ake bi fam 200,000 zai iya zuba fam 20,000 ba tare da an ci shi tara ba.

Ƙofa takan buɗe ne a ranar da wa'adi ya cika, lokacin da bashin ke komawa kan kuɗin ruwan banki na yau da kullum, wanda ya fi tsada amma yawanci babu tara a kansa. A wannan ɗan tsakani mai gida zai iya biyan duk abin da ya tanada, sabuwar yarjejeniyar ta hau kan ragowar, kuma idan bashin ya sauko sosai bisa darajar gidan yakan samu ruwa mai sauƙi. Wanda ya yi gaggawar biyan fiye da kashi 10 kafin ranar ya faɗa tara, wanda ya jinkirta har sabuwar ta fara aiki ya koma ƙarƙashin kashi 10. Lissafin ya ƙara nauyi bayan da Babban Bankin Ingila ya ɗaga ruwa daga kashi 0.1 a 2021 zuwa 5.25 a Agustan 2023.

Kanada ta yi kama da haka, sai dai tararta kan fi ciwo, tunda a bashi mai tsayayyen ruwa akan ɗauki wanda ya fi yawa tsakanin ruwan wata 3 da gibin da banki ya ce zai yi asara. Faransa ta sa iyaka a doka: kada tarar ta wuce ruwan wata 6, kuma kada ta haura kashi 3 cikin 100 na ragowar bashin.

Amurka ce ta fita daban, domin a can ana tsayar da ruwa har shekara 30, dokar Dodd-Frank ta 2010 kuma ta taƙaita tarar ƙwarai. Wannan sauƙi bai fito daga kirkin bankunan Amurka ba, ya samo asali ne daga sayar da basussukan ga cibiyoyi irin su Fannie Mae da Freddie Mac, inda masu zuba jari ke ɗaukar hasarar biya da wuri. Banki a Birtaniya kan riƙe bashin a hannunsa, shi ya sa yake kare ribarsa da tara, kuma shi ya sa mai gida a can yake bukatar sanin ranar cikar wa'adinsa tun watanni kafin ta zo.