Tuba Ko Da-Na-Sani?

'Yan uwana masu karatu, musamman mata, akwai abu biyu da muke zubawa a tukunya ɗaya alhali ba jinsinsu ɗaya ba, wato tuba da da-na-sani. Duka biyun suna sa kuka, suna hana barci. Amma fa ɗaya magani ne, ɗayan kuwa ciwo ne a kan ciwo.

Wadda ta warware mini wannan zare maƙwabciyata ce a nan Daurawa, Kirista ce, 'yar Wusasa ta Zariya. Da Hausa take karanta Littafinsu, wanda ya fara fitowa cikakke a 1932, aikin su Dokta Miller. Ta ce Bulus ya rubuta wa mutanen Korinti cewa baƙin ciki iri biyu ne. Akwai na tsoron Allah mai kai mutum ga tuba, akwai na duniya mai kai shi ga halaka.

Ta kawo mini misalin almajirai biyu. A ruwayarsu, Yahuda ya ci amanar Annabi Isa (AS) a kan azurfa 30. Bitrus kuma sau 3 yana cewa bai san shi ba kafin zakara ya yi cara. Kowannensu ya yi baƙin ciki. Yahuda har kuɗin ya mayar, amma ya yanke ƙauna daga rahama, ya je ya rataye kansa. Bitrus ya yi kuka mai zafi, ya komo, ya ƙare rayuwarsa a kan gyara. Mu Musulmi mun sha bamban da su a kan ƙarshen wannan ƙissa, amma darasin wallahi ya shige ni. Ashe ba yawan hawaye ake dubawa ba, ina ka dosa bayan kukan?

Mu ma ai muna da namu. Ka'abu ɗan Malik (RA) ya ƙi fita yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira. Wasu suka yi ta kawo uzurin ƙarya, shi kuwa ya faɗi gaskiya. Kwana 50 Madina ba mai amsa masa sallama. Sarkin Gassan ya aiko masa da wasiƙa ya zo a ɗaukaka shi, ya jefa ta a tanderu. Ya jure har Allah Ya saukar da karɓar tubansa a Suratut Tauba.

To mu dawo gida. Wata uwar adashi a unguwar nan ta cinye zubin mata goma sha biyu, har da na wata bazawara da ke tara kuɗin kayan ɗakin 'yarta. Ranar da asiri ya tonu ta yi ta birgima a tsakar gida, tana "wayyo mutuncina, wayyo aurena!" Ku lura, ko sau ɗaya ba ta ce wayyo marainiyar nan ba. Awarwaron gwal ɗinta yana hannunta har gobe. Wannan shi Bahaushe ke kira tuban muzuru, kaza a baki. Kamun da aka yi mata take wa kuka.

Malamanmu sun ce tuba sai da sharuɗɗa: ki daina laifin, ki yi nadama, ki ƙudurce ba za ki koma ba, in haƙƙin wani ne ki mayar masa. Nadama tana ciki, amma ita kaɗai ba ta kai ki.

Don haka 'yar uwa, duk daren da zuciyarki ta hana ki barci, ki tambaye ta tsakani da Allah: da ba wanda ya gani, za ki yi kukan nan? In amsar a'a ce, da sauran aiki. In kuwa e ce, kada Shaiɗan ya ce miki laifin ya fi ƙarfin gafara. Gari na wayewa ki yafa mayafinki, ki nufi gidan wadda kika zalunta da abinta a hannu.

Allah Ya sa mu tuba tun kafin rai ya zo maƙogwaro, amin.