Shinkafi: Daga Mazari Zuwa Kwarashi

'Yar'uwa, ko kin taɓa zama da alƙalami a hannu, takarda na gabanki, amma ko kalma ɗaya ta ƙi fita? Ko kuwa ke mai zanen lalle ce, ko mai ɗinki, kika wayi gari kanki ya toshe, kowane zane kika soma sai ki ga jiya kin yi irinsa? To, taso mu leƙa Shinkafi, domin matan can sun daɗe da sanin maganin wannan ciwo.

Idan kin taso daga Gusau kika yi arewa, sai ki iske Ƙauran Namoda, inda hanyar jirgin ƙasa ta tsaya tun 1929. Daga nan ki miƙe hanyar Isa, ga Shinkafi nan. Ranar Alhamis kasuwarta ke ci, kasuwa ce da ta yi suna har cikin ƙasar Nijar. Amma fa kada ki kama hanya ba ki tambayi labarinta ba, gama 'yan bindiga sun addabi wannan yanki shekara da shekaru. A 2021 har Gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. Ki duba halin matar da ke cikin gida a irin wannan zama, ba ciniki, ba labarin 'yan'uwa, dare ya yi kunne yana waje. Ina tunani zai zauna, balle a tsara waƙa ko labari? Nan fa maƙwabtan Isa ne, inda Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir waƙa, watau ba ƙasar da fasaha ta yi wa ƙaranci ba ce. Zuciya ce kan gaji.

Kakanninmu na wannan ƙasa ba su zauna hannu sake ba. Zamfara ƙasar auduga ce. Mace takan gurje ta a kan magurji, ta shiɓe ta da baka, sa'an nan ta ɗauki mazari, ta shafa alli a yatsa, ta yi ta kaɗi. Siriri na masu ɗinki da masaƙa, kakkaura kuwa shi ne abawa. Ki lura, mai kaɗi ba ta jiran wata dabara ta zo mata. Yatsu ke aiki, bakin kuwa sai tatsuniya da waƙe-waƙe su yi ta zubowa ba a kira su ba. Zaren kanti ya kashe kasuwar mazari, amma ni a ganina kwarashi jikanyarsa ce.

Ga yadda za ki soma. Ki sami kwarashi guda da ƙwallon ulu mai haske, don baƙi yana ɓoye idon saƙa, ya wahalar da mai koyo. Ki ƙulla madauki ɗaya, ki riƙa jawo zare ta cikinsa har ya zama sarƙa. Sa'an nan ki juyo, ki bi idon sarƙar ɗaya bayan ɗaya, kina ƙirgawa. Ƙirgan nan shi ne asirin, domin zuciyar da ke ƙirga ido ashirin ba ta da sukunin zagin kanta. Saƙa da tsinke biyu ta fi laushi, ita ce ta rigar sanyi da safa, sai dai idanu da yawa ke rataye a tsinken, ɗaya ya zame sai layi ya tsiyaye. Kwarashi kuwa ido ɗaya tak take riƙewa. In jariri ya yi kuka ki ajiye, ki dawo ki iske aikinki yadda kika bar shi. In kuma ya karkace, ki ja zaren ya warware, ba abin da ya ɓaci. Wace takarda ce za ta yi miki wannan haƙuri?

Kada ki tasar wa bargo tun farko. Hular jariri ta isa, ga hunturun arewacin Zamfara ba ya wasa da kan yaro. Abin kuma da kuɗi a ciki: lokacin babbar yunwar ƙasar Ailan da ta soma a 1845, mata da yawa da saƙar kwarashi suka ciyar da gidajensu.

Ku kuma 'yan makaranta, ban ce ku yar da littafi ba. Ki ajiye takardar nan kusa da ƙwallon ulu, da fensir a kai. Sau da yawa jimlar da ta ƙi zuwa da safe takan faɗo ana tsakiyar layi na biyar. Ki ƙarasa layin tukuna don kada ƙirga ya ɓace miki, kana ki rubuta.